Injin da Ke Ninke Takarda, Ya Ƙirga Ta, Ya Raba Ta Yana Tafiya

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da wannan ƙara da kuke ji, ina cikin ma'aikatar buga takardu ne nan Jamus, kuma shugaban sashenmu ya ba ni izini in ɗauko muku injin nan yana bakin aiki. Zan ɗaga murya kaɗan.

Bari mu fara da takardar tukuna, don wanda bai gane ta ba, ba zai gane injin ba. Ga ta a hannuna. Ba falle-falle take ba, doguwa ce a haɗe, daga babban naɗi ake warwaro ta. Ku dubi gefenta, hagu da dama, an jera hudoji. Tsakanin huji da huji rabin inci ne, kuma haka yake duk inda ka je a duniya. Cikin hudojin nan haƙoran firinta suke shiga su ja takardar, shi ya sa ba ta zamewa, rubutu yake faɗawa daidai cikin gurbin da aka tanada masa. A Amurka tsawon shafi inci 11 ne, huji 22 ke nan a kowane gefe. Nan Turai an fi amfani da mai inci 12, huji 24, faɗinta milimita 240. Inci 12 ɗin nan milimita 304.8 ne, ya ɗan zarce takardar A4 mai milimita 297, saboda ita A4 tsawonta ba ya rabuwa daidai da rabin inci.

To, sai wannan layin da ya ratsa takardar. Bari in matso da kyamara. Kun gani? Yanka ne ƙanana a jere, tsakanin kowane yanka da na gaba an bar ɗan maƙali yana riƙe. Layin tsaga muke ce masa. A wurina, duk aikin zauren nan a kan layin nan ya rataya. In an yi yankan da yawa, takardar za ta tsinke tun tana cikin firinta, a tsayar da komai. In an bar maƙalin da yawa, sai ta ƙi ninkuwa a kan layin, kuma lokacin rabawa ta yage a karkace ta ci cikin rubutu. Wanda ke saita wuƙar tsagar nan ba ya cika fitowa a labari, amma da hannunsa ya ɗan kauce, mu da ke ƙarshen layi mu ne za mu wuni muna kwasar tarkace.

Wannan tsari ya daɗe. Firintar IBM 1403 da ta fito a 1959 tana buga layi 600 a minti ɗaya, daga baya aka yi mai buga 1,100. Babu hannun da zai iya miƙa mata falle ɗaya-ɗaya da wannan sauri, dole takarda ta zo a haɗe. Da IBM 3800 ta shigo a 1976, mai aiki da hasken leza, ita ma doguwar takarda take ci, har ana iya haɗa mata sashen da ke tsinka shafuka, ya datse gefen hudojin, ya jera su. Har gobe takardun banki da na albashi da bil da takardun rakiyar kaya da yawa ta wannan hanya suke fitowa, kuma kamfanoni irin su Hunkeler na Suwizalan da Tecnau na Italiya suna ƙera injinan da ke bin bayan firinta.

Yanzu ku zo mu ga ninkin. Takarda tana saukowa daga sama ta shiga wannan maƙogwaron ƙarfe mai lilo, yana kai gaba yana dawowa baya kamar harshen agogon bango. Duk kaiwa ɗaya yana shimfiɗa shafi ɗaya. A kusurwoyi huɗun nan akwai murɗaɗɗun ƙarafa masu juyawa. Da layin tsaga ya iso gefe, sai bakin murɗaɗɗen ƙarfen ya cafke shi, ya yi ta gangarawa da shi ƙasa yana juyi. Waɗannan 'yan yatsun roba kuma suna bugun ninkin don ya kwanta sosai. Tas-tas-tas ɗin da kuke ji, su ne.

Abin da nake so ku lura da shi: lilon nan da jan takardar tafiyarsu ɗaya ce, ba a yarda ɗaya ya riga ɗaya. In lilo ya juya kafin layin tsaga ya iso, ninki zai faɗa a tsakiyar shafi inda babu tsaga, kuma kuskuren ba ya tsayawa a shafi ɗaya, kowane na biye da shi sai ya gaji karkacewar. Shi ya sa idan za mu sauya aiki daga inci 12 zuwa wani tsawo, sai an matsar da murɗaɗɗun ƙarafan, an sake faɗin lilo, sannan a tafi da injin sannu-sannu ana kallon ninki na farko da ido kafin a ba shi wuta.

Ƙirga kuwa ba ta da wuya. Injin ya san adadin hudojin da ya ja, ya san huji nawa ke cikin shafi, lissafin a buɗe yake. Idan kwastoma yana son shafi 2,000 a kowane kwali, a nan allon ake rubutawa. Wani aikin kuma ba adadi ɗaya ake bi ba, firinta ce ke buga 'yar alama baƙa a gefen takarda, idon injin ya karanta ya san nan aikin wancan ya ƙare, na wannan ya fara.

Rabawar ce abin kallo, kuma saboda ita na ɗauko kyamara yau. Ku tuna takardar a haɗe take, shafi na 2,000 yana manne da na 2,001, ga sabuwa tana ta zubowa daga sama. Tsayar da injin asara ce, don firintar da ke bayansa ita ma sai ta tsaya, kuma tayar da ita yana cin takarda. A tsohon tsari, injin yakan ɗiga ɗan fenti a gefen ninki idan adadi ya cika, mutum ya nemi wurin ya sa hannu ya tsinka. Ana yi, amma idan gajiya ta zo, tsallake ninki ɗaya ba abin mamaki ba ne.

Ku zuba ido nan, adadi ya kusa cika. Yauwa! Kun ga farantin da ya kutso daga gefe? Ya shiga tsakanin ninki biyu daidai wurin da ƙirga ta cika. Sabbin shafuka yanzu a kansa suke sauka, aiki bai tsaya ba. Teburin ƙasa kuma ya sauka da tarin da ya cika, sai shafin da ya haɗa su ya miƙe ya ɗaure. Ga wata dasasshiyar wuƙa nan ta bi layin tsagar daga gefe guda zuwa ɗayan. Da gangan aka bar ta ba kaifi, don ba a so ta buɗe sabuwar hanya, so ake ta bi tsagar da aka riga aka yi. Tarin ya fita kan bel, tebur ya hau ya karɓi sabon tari, faranti ya janye. Duk cikin 'yan daƙiƙu. Wallahi har yau in na tsaya kallon wannan sai na ji daɗi a raina.

Akwai wani ɗan sirri a nan. Ninki yana faɗawa ne sau ɗaya gaba, sau ɗaya baya. In adadin shafuka mai rabuwa biyu ne, kullum a gefe ɗaya za a raba. In kuwa mara ne, misali 501, to wannan tarin za a raba shi a gaba, na biye a baya. Injin da zai yi irin wannan aiki sai yana iya rabawa ta kowane gefe, kuma mai zubawa a kwali sai ya duba ta ina shafin farko ya fuskanto, don wanda zai ɗora takardar a firintarsa kada ya buga a bayanta.

Babban abokin gabarmu bushewar iska ce. Takarda in ta fito daga firinta mai zafi, danshinta ya ƙone, sai ta nannaɗe baki, lantarki kuma ya taru a jikinta. Shafuka su manne da juna ko su riƙa ture juna, tari ya kumbura ya karkata, faranti ya shiga gurbin da ba nasa ba. Da sanyi abin ya fi tsanani, lokacin da ake ɗumama zauren. Don haka ake ƙoƙarin riƙe danshin iska wajen kashi 50 cikin 100, kuma wannan sandar da takarda ke wucewa ta ƙarƙashinta aikinta kwashe lantarkin ne.

Ina ɗaukar maganar adadi da nauyi ƙwarai. Idan takardun albashi ne ko bayanin asusun banki, shafi ɗaya da ya bi tarin da ba nasa ba, sirrin wani ne ya tafi hannun wani. Shi ya sa ban yarda a dogara da allo kaɗai ba. Ga yadda nake yi: in ɗaga shafin sama in karanta lambarsa, in duba na ƙasa, in gwada da takardar aiki. Sannan in shafa yatsa a bakin da aka raba. In ya yi sumul, lafiya lau. In na ji gashi-gashi ko ɗan yage, tsagar ta fara yin tauri, sai in sanar da mai saita wuƙa tun kafin naɗi na gaba ya hau.

Masu sha'awar wannan aiki, ku riƙe wannan: ba a kusantar rola da safar hannu ko hannun riga mai reto, kuma in takarda ta cushe, a kashe injin kafin a miƙa hannu. Abin toshe kunne ma dole ne.

Can ƙuryar akwai wani injin da ke raba takarda mai kwafi biyu ko uku, ya cire kabon ɗin tsakani ya naɗe shi gefe. Shi zan nuna muku a bidiyo na gaba in Allah ya kai mu, tare da takardar da ba ta buƙatar kabon, wadda kamfanin NCR ya fitar a 1954. Bel ya cika, bari in je in kwashe. Sai an jima.