Kwaron da ke shanye kabewa tana tsaye

Ku ɗaga ganyen kabewar nan ku duba bayansa. Kun ga ƴan ƙananan ƙwayaye masu ruwan tagulla, an jera su a lungun da jijiyoyin ganye suka haɗu? Kusan ashirin ne wuri ɗaya. Ƙwan kwaron kabewa ke nan, wanda masana ke kira Anasa tristis, sanannen abokin gaban manoma a Amurka ta Arewa.

Cikin kwana 7 zuwa 10 ake ƙyanƙyashe su. Ƴaƴan kan fito da koren ciki, babu fiffike, su yi cincirindo a ƙarƙashin ganye. Sau biyar suke saɓa a tsawon mako 4 zuwa 6, launinsu na komawa toka-toka, har su zama manya masu shafaffen baya, tsawon kusan santimita ɗaya da rabi. In kuka murƙushe babba, warinsa kaɗai ya isa ya gaya muku ko wane ne. Inda sanyi ya yi yawa zuriya ɗaya ake samu a shekara, inda akwai ɗumi kuwa sai biyu ko uku.

Ba ya tauna ganye. Baki gare shi kamar allura, ya soka ya zuƙe ruwan jikin shuka. Da farko ɗigo-ɗigon rawaya za a gani, sai wurin ya ƙone, ganye ya yi yaushi ya bushe. Shukar da ta yi ƙarfi takan jure, ƙarama kuwa mutuwa take yi. Ko ƴaƴan kabewar bai bari ba, yakan bar musu tabon da ke karya darajarsu.

Ɓarnar da ta fi wannan muni ba a ganinta da ido. Kwaron na ɗauke da ƙwayar cutar bakteriya mai suna Serratia marcescens, wadda ke mayar da yaɗo rawaya ya zube gaba ɗaya. A 1988 aka fara lura da cutar a jihohin Texas da Oklahoma na ƙasar Amurka, tana cin kabewa da kankana. Shukar da ta kamu ba ta da magani.

To, yaushe ake tarar sa? Tun yana ƙwai. Feshi na kashe ƴaƴan kwaron, amma manya sun cika taurin rai, ga iya ɓuya, kuma feshi lokacin fure ƙudan zuma yake hallakawa, alhali su ke haɗa furen ya ba da ƴaƴa. Murje ƙwan da yatsa ya fi. Wasu manoman kan ajiye katako kusa da gindin shuka da yamma, kwarin su taru ƙarƙashinsa cikin dare, da sassafe a kwashe su.

Bayan girbi kada a bar busasshen yaɗo a gona. A cikinsa manyan ke laɓewa su wuce hunturu, wasunsu da bakteriyar a ciki, da bazara su faɗa wa sabuwar shuka.