Binne da Jiran Ruwa: Lacca a Taron Matasan Ikilisiya

Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Na baya, kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓa yau game da girma cikin Ubangiji: haƙuri, biyayya, da dogara. Ku buɗe Markus sura 4, aya 26 zuwa 29.

A nan Yesu yana kwatanta Mulkin Allah da mutumin da ya yafa iri, ya je ya yi barcinsa, iri ya tsiro, shi kuwa bai san ta yaya ba. Da fari tsiro, sai kai, sai ƙwaya ta cika.

Wa ya taɓa yin binne a nan? Ɗaga hannu in gani. Su Baba ne kawai. (dariya) 'Yan birni, binne shi ne ka shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Ka ɗebo hatsin da yara za su sha kunu da shi, ka zuba a rami, ka take da diddige, ka koma gida kana kallon gabas. Ina yaro, kwana biyu da shuka na lallaɓa gona na tone ramin in ga ko ya fara. Mahaifina ya iske ni tsugune. Kunnen nan nawa na hagu har yau bai manta ba. (dariya)

To haka muke yi wa kanmu. An yi maka baftisma a Disamba, kafin Fabrairu ka fara tono. "Fasto, har yanzu ina da zafin zuciya. Fasto, in na durƙusa addu'a barci ke ɗaukata." Ɗana, iri ne a ƙasa! Kuma ku lura, gero wata uku ya ishe shi, yara sun fara gasa tumu, dawa kuwa tana tsaye kore shar sai iskar hunturu ta kusa. Gona ɗaya, ruwa ɗaya. Wani a cikinku dawa ne, amma ya hana kansa sakat don maƙwabcinsa gero ya yi bununi. Na sake faɗa: gona ɗaya, ruwa ɗaya.

Ibrahim yana da shekara 75 aka kira shi daga Haran, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku, ɗan da Allah ya yi masa alkawari. Shekara 25 ke nan, wasunku ba su kai haka a duniya ba. Shi ma a tsakani ya gaji, ya tone ramin, kun san labarin Saratu da Hajaratu.

Bari in ɗan kauce. A 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasashen nan namu: Gowans, Kent, da Bingham. A 1894 biyu daga cikinsu suka rasu. Bingham ya koma gida, ya dawo a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a karo na uku aka kafa tashar mishan a Patigi, a 1902. Ikilisiyar ECWA kuwa, wadda ta fito daga wannan aiki, sai 1954. Lissafa da kanka. Wannan ai binne ne, har da mutane aka binne.

Na uku... au, na biyu ko? Na gode. Biyayya. A gurguje: 1 Sama'ila 13, an ce wa Sarki Saul ya jira annabi Sama'ila kwana bakwai a Gilgal. Ya ga sojoji suna watsewa, ya miƙa hadaya da kansa, yana gamawa sai ga Sama'ila. Da ya ƙara ɗan jira kaɗan! Rashin biyayyarmu da yawa gaggawa ce ta sa rigar ibada. Mai kula da lokaci yana ɗaga mini takarda, na gani, na gani.

Akwai hannu can wajen zumuntar mata. I, Mama?

(Tambaya: Ɗana shekara shida da baftisma, har yanzu yana shaye-shaye. In na yi magana sai ya ce in yi haƙuri, Allah yana aiki. In yi shiru ke nan?)

Kai, Mama, kin taɓo inda yake ciwo. A'a, kada ki yi shiru. Manomin da na ce yana barci, da safe fartanya ce a kafaɗarsa. Tsiro ba nasa ba ne, amma noman fari da maimai nasa ne, in ya bari ƙuduji ya cinye gero ba zai ce Allah ne bai yi ba. Ki tambayi yaron, tunda yana jiran Allah, me ya cire a wannan watan? Da wa ya daina yawo? Kuma kayan nan sun fi ƙarfin kanki ke kaɗai. Ki sa dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa a ciki, in abin ya kama jiki a haɗa da asibiti, ba kunya ba ce. Ki tsaya bayan an tashi, ni da matata za mu zauna da ke.

Dogara kuma, sai gobe da yamma in Allah ya kai mu. Mawaƙa, ku taso.