Amsoshin Tambayoyinku: Baba da takardun gidansa

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonni sun taru, lokaci kuma ba ya jira, don haka mu shiga kai tsaye. Barista tana nan tare da mu.

Wani ya tambaya ko tsofaffi suna da ranarsu ta duniya. Suna da ita, 1 ga Oktoba, Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ware ta a 1990. Wani kuma yana so ya san daga shekara nawa ake zama tsoho. Malam, ranar da gwiwa ta fara ƙara za ka sani, amma a lissafin Majalisar daga 60 ne.

To, ga wanda zan daɗe a kai, don ba ita kaɗai ta aiko da irinsa ba. Wata baiwar Allah ta ce yayanta ya karɓe katin bankin mahaifinsu da takardun gida, wai Baba ya tsufa bai san abin da yake yi ba. Yanzu kuma yana matsa masa ya dangwala yatsa a sayar da gidan. Barista, bismillah.

Barista: Na gode. Ka ga, tun 1991 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan tsofaffi, kuma mutunci yana ciki. A 2002 aka yi babban taro a Madrid, sannan a 2016 Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyarta a Adis Ababa. In ka duba tarihin abin ma...

Mai gabatarwa: Ranki ya daɗe, Madrid ta yi mana nisa. Mu dawo gidan Baba.

Barista: To, shi ke nan. Tsufa kaɗai ba ya ƙwace wa mutum iko da dukiyarsa. Muddin ya fahimci abin da ake yi, shi ne mai cewa a sayar ko a bari. Sa hannun da aka samu ta tilas ko yaudara, kotu tana iya rushe shi. In Baba yana son wakili, shi zai zaɓa, kuma yana iya janyewa. In ana zargin ciwon mantuwa ne, likita zai duba, kotu ta naɗa mai kula. Shi ma mai kular amana aka ba shi, za a iya tambayarsa ina kuɗi suka tafi.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda ya buɗe rediyo yanzu. Yawan shekaru ba hauka ba ne. Ɗa ba ya naɗa kansa wakili. Kai kuma yayan nan, in kana jinmu, haba! Yaushe aka fara rabon gado mai shi yana zaune yana kallo? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar cin zarafi, kuma cinye musu dukiya yana cikin lissafin.

Ƙanwata, ni dai a ganina fara da Baba. Zauna da shi ku biyu, ki tambaye shi me yake so. In ya yarda, ki raka shi banki a toshe tsohon katin, sannan ku nemi lauya tun ba a dangwala komai ba.

Mai tambaya kan fanshon mahaifiyarsa, yi haƙuri, injiniya yana ɗaga min hannu. Da kai za mu fara mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.