Sola kaɗai ba za ta dafa mana tuwo ba

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar wuta za mu yi, ta NEPA da ta murhu duka, da kuma tsare-tsaren da gwamnati ke ta fitarwa a kan makamashi mai sabuntuwa, wato wanda ba ya ƙarewa kaman rana da iska da ruwa da tsirrai.

Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, amma wutar da ke yawo a babban layin ƙasa yawanci megawat 4,000 zuwa 5,000 ce. Mu nan Kaduna kun tuna Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Mando, Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, masu ƙanƙara da masu walda da masu niƙa kowa ya ji a jikinsa, ga fetur ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a 2023 balle ka ce za ka tada janareto.

To a takarda dai ba a bar mu a baya ba. A 2015 an fitar da tsarin ƙasa na makamashi mai sabuntuwa, daga baya aka zo da burin megawat 30,000 nan da 2030, kashi 30 cikin ɗari daga irin wannan makamashin. A 2021 Buhari ya je taron yanayi na Glasgow ya yi alkawarin zuwa 2060 hayaƙin da muke fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba. Sai dokar lantarki ta 2023 da Tinubu ya sa wa hannu, wannan ita ce mai nauyin gaske a ganina, don ta ba jihohi dama su kafa kasuwar wutarsu su kula da ita da kansu, su Enugu da Ondo da Ekiti har sun karɓi ragama tun 2024. Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 750 a ƙarshen 2023 don a kai wa mutum miliyan 17.5 wuta, ta hannun hukumar REA mai kula da wutar karkara, kuma kusan duk maganar sola ce.

Sola kam ba wanda zai kushe ta, rana muna da ita har ta yi yawa. Amma ku leƙa kicin. Fanel da batir za su kunna maka fanka da fitila su yi cajin waya, su ja firij in kana da hali, amma tukunyar tuwon gida mai mutum goma sha biyar fa? Mai ƙosai, mai gidan burodi, makarantar kwana? Itace ne da gawayi. Duk wanda ke bin hanyar Abuja ko ta Kachia ya ga buhunan gawayi jibge a bakin titi, dazukanmu ne ke tafiya a buhu. Hayaƙin kuma mata da yara ke shaƙa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 3.2 ne gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe a duniya a 2020.

A nan ne makamashin tsirrai da shara ya shigo. Dama can shi muke amfani da shi, itace ai tsiro ne, sai dai ta hanyar da ta fi ɓarna. Na zamanin kala-kala ne. Akwai bayogas, a tara kashin shanu ko na kaji ko ƙazantar mahauta a rufe a tanki ba iska, ƙwayoyin halitta su ruɓar da shi ya fitar da gas wanda rabinsa ko fiye metan ne, wato iskar da ke kamawa da wuta, a ja shi da bututu zuwa risho ya ci da shuɗin wuta, abin da ya rage a tankin kuma taki ne mai kyau, manomi bai yi asarar komai ba. A Ruwanda gidajen yari da shi suke girki. Akwai curarren gawayi da ake yi da ɓuntun shinkafa ko totuwar masara ko garin katako, kuma jihar nan kun san mu a masara, Saminaka, Lere, Giwa, bayan girbi totuwa har ƙona ta ake a banza. Masu mazarƙwaila a wajajen Maƙarfi ma da busasshiyar tuƙar rake suke hura wutar dahuwa tun kafin a san wani tsarin gwamnati.

Sai etanol, wato man da ake tacewa daga amfanin gona, wanda shi ne gwamnati ta fi zumuɗi a kai. Tun 2007 aka yi tsarin cewa za a riƙa gauraya kashi 10 na etanol a fetur, daga rogo da rake, NNPC ce za ta ja gaba, har da maganar bini-da-zugu don yin dizal. Ku faɗa min gidan man da kuka taɓa shan wannan haɗin. Brazil ta fara nata a 1975 lokacin da mai ya yi tsada a duniya, ta dage, yau fetur ɗinsu sama da kashi ɗaya bisa huɗu etanol ne, tuƙar raken ma wutar lantarki suke yi da ita. Su sun tilasta haɗin, sun ba masana'antu bashi, sun tabbatar akwai mai saye. Mu mun rubuta mun ajiye, lokacin kuma ana tallafin fetur, wa zai zuba biliyoyi a gonar rake ya yi gasa da man da gwamnati ke biyan wani ɓangare na kuɗinsa?

Ni dai ban goyi bayan a ɗebi masara ko rogo a kai tankin mota ba a halin da ake ciki, mudu ya riga ya fi ƙarfin talaka. Kara da harawa ma ba shara ba ne, abincin dabbobi ne. Kashin shanu kuwa in suna yawon kiwo wa zai bi su yana tsinta? Shi ya sa sai a nufi inda ƙazantar ke taruwa da kanta kullum, mahautar Tudun Wada, kasuwannin shanu, gonakin kaji, injinan casar shinkafa, makarantun kwana.

Kuma wannan aikin jiha ne da ƙananan hukumomi, su ke da mahautu da kasuwanni da bola. Ga ABU Zariya, ga cibiyar binciken noma ta IAR Samaru, ga ta binciken dabbobi NAPRI Shika, masana ba sai an ɗauko daga waje ba. Abin da ke kashe irin tankunan nan yawanci rashin mai kula ne, a gina a yanka ribon a ɗau hoto, bayan 'yan watanni bututu ya toshe ba mai gyara. In za a yi, a ba ɗan kasuwa ya riƙe yana sayar da gas ɗin wa masu abinci na kusa, sannan makarantun kwana na gwamnati su zama masu sayen curarren gawayi na farko, da kwangila a rubuce ta shekaru, don mai injin ya samu abin nuna wa banki.