Shekara 15 Muka Yi a Tsaye, Kenya Na Tafiya

Jama'a masu sauraro, abin nan ya fara isa ta. Duk ranar da kasuwar hannun jari ta Legas ta ɗan ɗaga sai a cika mana kunne wai harkar kuɗin Najeriya ta yi wa Kenya fintinkau, wai bankunanmu sun fi girma har rassa suke buɗewa a Nairobi. Eh sun fi girma, ba musu. Amma wa ke ciki? Tambayar ke nan, wa ke ciki?

Kusan tare aka taso. An kafa kasuwar hannun jari ta Nairobi 1954, ta Legas 1960. A 2004 gwamnan babban bankin Najeriya Soludo ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, mutane suka yi ta rububin sayen hannun jari har da bashin banki, 2008 kasuwa ta rufta da su, 2009 magajinsa Sanusi ya sallami shugabannin wasu bankuna. Duk wannan dambarwar ta masu asusu ce, manomi da mai sayar da ƙosai ba su ma san ana yi ba.

To Kenya fa? Maris 2007 Safaricom ya fito da M-Pesa, babban bankinsu ya ce a gwada mu gani muna sa ido. Da ƙaramar waya mai madannai, ba intanet ba komai, mutum ya tura wa mahaifiyarsa kuɗi ƙauye ta je shagon wakili ta karɓa. A 2006 kashi 27 cikin 100 ne kacal na manyan Kenya ke hulɗa da cibiyoyin kuɗi na hukuma, zuwa 2021 sun kusa kashi 84. Mu kuma babban bankinmu ya kafe kamfanonin waya kar su jagoranci harkar, sai 2018 aka fitar da ka'idar ba su lasisi, MTN da Airtel ba su samu cikakken izini ba sai 2022. Ku lissafa da kanku, shekara 15! Shekara 15 wallahi, alhali layin waya ya riga ya shiga ƙauyukan da ko reshen banki ɗaya babu a ƙaramar hukumarsu, musamman nan arewa.

Masu kare wannan jinkiri suna cewa ai tsoro ake kar 'yan damfara su wawure kuɗin talaka. Haba. Kuɗin da ke ƙarƙashin katifa da bakin zani wa ke tsaronsa? Bankuna aka kare daga gasa, shi ke nan.

Ban ce Kenya aljanna ba ce. Bashin waya ya shaƙe matasansu da yawa, kuma M-Akiba da suka kawo a 2017, inda da shilin 3,000 za ka ba gwamnati rance ta waya, bai samu karɓuwar da aka yi zato ba. Amma ko ba komai ƙofa a buɗe take, talaka ya shiga.

Mu sai da aka canja fasalin naira, farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, mutane na kwana a layin ATM, ana sayen naira da naira wurin masu POS, sannan 'yan kasuwa da dama suka buɗe OPay da Moniepoint ala tilas. Abin da ɗan Kenya ya koya cikin kwanciyar hankali tun 2007, mu da yunwa da layi aka koya mana shi.