Ɗango Biyu Naka, Uku Nawa: Lacca Kan Masu Sake Rera Waƙar Wani

An gabatar da wannan lacca a wani zauren matasa da ke Aboabo, Kumasi. An rubuto ta daga abin da aka naɗa a waya.

Assalamu alaikum. Malam shugaba, iyayena mata, samari da 'yan mata, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji? To madalla. Mai rediyon can a rage masa murya, yau ni ne rediyon.

An ce in yi magana kan mawaƙan da ke ɗaukar waƙar wani su sake rera ta, wani lokaci ta fi ta asali, wani lokaci su ɓata ta. Abu huɗu na tanada. Amma kafin na farko, bari in ba ku ma'aunin da nake awo da shi, don ba daga Amurka na samo shi ba, a makarantar allo na same shi.

Wa ya taɓa zaman Ishiriniya a watan Mauludi? Hannu sama. Kusan kowa. To wannan da kuke ji ana rerawa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Alfazazi, mutumin Andalus, shi ya yi ta da ƙwar biyu, baiti ashirin ga kowane harafi, shi ya sa ake ce mata Ishiriniya. Daga baya Ibn Muhib ya zo ya yi mata tahamisi: ya ɗora ɗango uku nasa a kan ɗango biyun Alfazazi, baiti ya koma ƙwar biyar. Haka aka yi wa Tabbat Haƙiƙa. Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta juyo ta Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi tahamisi. Gida ɗaya, hannu uku.

Mai tahamisi yana da sharuɗɗa. Ba ya taɓa ɗangon mai waƙa, ba ya ɓoye sunansa, kuma dole ya zo da nasa ukun. In ba shi da abin ƙarawa, ya zauna ya yi amshi kamar kowa. Da wannan nake auna duk mawaƙin da ya ɗauki waƙar wani: ina ukunka? Me ka kawo?

To na farko, Respect, wato girmamawa. Ku yi haƙuri, nan zan daɗe.

Otis Redding ne ya rubuta ta, ya fitar a 1965 daga kamfanin Stax da ke Memphis. Waƙa ce mai kyau, kada wani ya ce na raina ta. Ƙahonni na busawa, ganga na gudu, muryar Otis kamar ta mutumin da ya wuni yana dako. Me yake cewa a ciki? Magidanci ne ya dawo daga nema, yana gaya wa matarsa: kuɗina naki ne, duk abin da kike so na ba ki, abu ɗaya nake roƙo, in na shigo gida a girmama ni. Maza, ba baƙuwar magana ba ce ko? Kowane daren Allah ana yin ta a Sawaba da Asawase. (dariya)

Ranar 14 ga Fabrairu 1967, Aretha Franklin ta shiga situdiyon Atlantic a New York. 'Yar fasto ce daga Detroit, a coci ta koyi waƙa. Ita ta zauna kan fiyano da kanta, 'yan'uwanta biyu, Erma da Carolyn, su ne 'yan amshi. Ku lura fa, yawancin kalmomin Otis ta bar su inda suke. Ɗango biyun mai waƙa na nan. Amma da zarar mace ce ke faɗa, magana ta juye. Namijin da ke cewa a girmama shi a gidansa, abin da al'ada ta riga ta ba shi yake tuni. Macen da ke cewa ni ma ina kawo kuɗi gidan nan, a girmama ni, wannan sabon zance ne a 1967. Otis roƙo yake, Aretha kuwa sharaɗi take gindayawa. Kalma ɗaya, baki daban.

Sannan ga ukunta. Wurin nan da kiɗa ke tsayawa cak ta riƙa kiran haruffan kalmar Respect ɗaya bayan ɗaya, babu shi a waƙar Otis. A tata aka fara jin sa. Amshin da 'yan'uwanta ke yi da sauri a bayanta, babu shi a ta Otis, shi ba shi da 'yan amshi mata ma. Kuma amshin nan shi ne sirrin. Mu da muka san kiɗan ƙwarya da amada mun san bambancin mace ɗaya tana ƙorafi da mata uku suna amsa wa juna. Ta farko gunaguni ce, ta biyun taro ne. Ku tuna Barmani Choge, Allah ya ji ƙanta, in ta jefa magana 'yan amshinta suka cafe, wane namiji ne zai tsaya musu? Hajiya a gaba tana gyaɗa kai, ta san zancen. Sai busar saksafon ta King Curtis a tsakiya, ita ma ƙari ce.

Kuma lokacin ya dace da ita. Baƙaƙen Amurka na tsakiyar gwagwarmayar neman 'yanci, mata na tasu, sai ga waƙa ta minti biyu da rabi da kowa ke jin da shi ake. Ta kai lamba ɗaya a Amurka, ta ci kyautar Grammy biyu. Shi kansa Otis, a bikin waƙe-waƙe na Monterey a watan Yunin wannan shekara, ya gaya wa jama'a cikin raha cewa wata yarinya ta ƙwace masa waƙa, sannan ya rera ta. Bai kai ƙarshen shekarar ba, jirgin sama ya faɗi da shi a Disamba, yana da shekara 26. Kuma kada ku ji tausayinsa da yawa kan ƙwacen, don a faifan da Respect ta fito shi ma ya ɗauki Satisfaction ta Rolling Stones ya yi yadda ya ga dama da ita. Wanzami ba ya son jarfa, amma shi Otis ya karɓi tasa da dariya.

Ina so ku riƙe wannan: ba murya ce ta ba Aretha nasara ba. Muryar akwai, Allah ya ba ta. Amma tana da dalilin ɗaukar waƙar. Tana da abin faɗa da mai waƙar bai faɗa ba. Tana da ukunta.

Ga kishiyar haka. Little Richard ya yi Tutti Frutti a 1955, waƙa mai yaji, ihu da tsalle. Pat Boone, Bature mai farin takalmi, ya ɗauka ya wanke ta tas don gidajen rediyon da ba sa son sa muryar baƙar fata, kuma tasa ta fi hawa sama a jadawalin lokacin. Me ya ƙara? Ba komai. Ragi ya yi. Kamar a ba ka waakye ba shito ba talia, a ce ai shinkafa da waken suna nan. Yau wa ke neman ta Pat Boone?

Wannan ya tuna mini da wani abu, ba ya cikin takardata. Ranar 6 ga Maris 1971, bikin 'yancin kai, an yi gagarumin wasa a Black Star Square a Akra, Soul to Soul. Ku tambayi dattawanku, wasu daga nan Kumasi suka hau mota suka je. Ku dubi waɗanda suka zo. Wilson Pickett, wanda ya ɗauki Hey Jude ta Beatles. Ike da Tina Turner, da Proud Mary ɗinsu ta fito daga hannun Creedence Clearwater Revival. Roberta Flack, da daga baya Killing Me Softly ta zama tata alhali Lori Lieberman ce ta fara rerawa, Fugees kuma suka sake ɗauka a 1996. Sai Santana, da Black Magic Woman ta Fleetwood Mac ce, Jingo kuwa ta Babatunde Olatunji ce, Bayarabe makaɗi daga Najeriya. Wato kiɗan ya tashi daga nan gaɓar, ya haye teku, ya dawo mana da jita ta lantarki, mu kuma muka sayi tikiti.

Na nawa muke? Na biyu? Na uku? To mu ce na uku. Malam shugaba na kallon agogo.

I Will Always Love You. Samari, na san rabinku kun ɗauka ta Whitney Houston ce. Dolly Parton ce ta rubuta, ta fitar a 1974, kuma ba saurayi take yi wa ba. Ubangidanta ne, Porter Wagoner, wanda ta yi shekara bakwai a shirinsa na talabijin, take masa sallama don za ta kama gabanta. A hankali take rerawa, kamar mai jin nauyin haɗa ido. Whitney ta ɗauka a 1992 don fim ɗin The Bodyguard, ta fara da murya zalla ba kiɗa, can gaba ganga ta buga sau ɗaya ta ɗaga sama, mako 14 tana lamba ɗaya. Ta kawo ukunta, ba musu. Amma ni, ku yi mini ihu in kun so, ta Dolly na fi so. Ta Whitney ta yi girma har mutane sun daina jin abin da take cewa. Shi ya sa ake sa ta a wajen biki, amarya da ango na rausaya, alhali waƙar rabuwa ce. Masu sa kiɗa a biki, ku ji tsoron Allah. (dariya)

Jimi Hendrix da All Along the Watchtower, 1968, shekara guda bayan ta mai ita, Bob Dylan. Ita wannan ba sai na yi dogon bayani ba, mai waƙar da kansa ya koma yana kaɗa ta irin ta Hendrix. Woyaya ta Osibisa, 'yan ƙasarmu, 1971, Art Garfunkel ya ɗauka a 1973, ya yi mata laushi, ba laifi, amma tamu ta fi. Yaa Amponsah kuwa, da Jacob Sam da ƙungiyarsa Kumasi Trio suka naɗa a Landan a 1928, wannan ta wuce a ce an sake rera ta, salon jitarta ya zama ƙashin bayan hailaif gaba ɗaya. Ku je ku saurari dattijon makaɗin jita Koo Nimo, ga shi nan garinmu. Na huɗun... a'a, ga hannu can. Bismillah ƙanena, ɗaga murya.

(Wani saurayi: Malam, ni ina ɗan taɓa waƙa a situdiyo. In na ɗauki karin waƙar Indiya na ɗora kalmomin Hausa, sata na yi ko tahamisi?)

Allah ya yi maka albarka, ka ɗauke mini na huɗun. Ba kai ka fara ba. A Kano akwai masu bandiri da ake kira Ushaƙu Indiya, karin waƙoƙin finafinan Indiya suke ɗauka su ɗora yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malamai sun yi ta muhawara a kai, wannan na bar wa liman, ga shi nan zaune. Finafinan Kannywood ma sun sha yi. Ta fuskar fasaha za ka iya kawo ukunka har ka fi mai ita. Amma sharaɗi na biyu fa? Sunan mai waƙa. Ibn Muhib bai taɓa cewa Ishiriniya tasa ce ba.

Bari in ba ka labarin Solomon Linda. Bazulu ne, a 1939 ya naɗa Mbube a Johannesburg da ƙungiyarsa Evening Birds. An ruwaito sule goma kamfanin Gallo ya ba shi. Faifan ya kai Amurka, Pete Seeger da Weavers suka mai da ita Wimoweh, a 1961 The Tokens suka mai da ita The Lion Sleeps Tonight ta kai lamba ɗaya. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci, sai bayan shekara 18 aka iya sa masa dutse a kabari. Disney ta sa waƙar a The Lion King a 1994. Sai da wani ɗan jarida, Rian Malan, ya tono zancen a 2000, aka je kotu, a 2006 aka sasanta da 'ya'yansa. Shekara 67 tsakani.

Ita Dolly, da Elvis Presley ya so ɗaukar waƙarta, manajansa ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallaka, ta ce a'a. Shi ya sa da Whitney ta zo, kuɗin marubuci aljihun Dolly ya shiga. Paul Simon kuma, da ya yi amfani da Yaa Amponsah a waƙarsa Spirit Voices a 1990, ya aiko wa Ghana kuɗi, kuma wannan na cikin abin da ya jawo aka kafa hukumar kula da fasahar gargajiya ta ƙasa.

Saboda haka ƙanena, dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 tana kare waƙa tsawon ran mai ita da shekara 70 bayan rasuwarsa. Ta gargajiya ma, in sayarwa za ka yi, sai ka nemi izinin waccan hukuma, ko da kai ɗan ƙasa ne. In ka sa karin Ba'indiye a YouTube, ba sai ya zo Aboabo ba, na'ura ce za ta gane shi, kuɗin tallan ya tafi Mumbai kana kallo. Ka nemi izini, ka rubuta sunansa, naka na kanka kuma ka kai GHAMRO, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙan Ghana kuɗin haƙƙinsu, ka yi rajista, tun kafin wani ya yi maka tahamisi ba sallama.

Malam shugaba ya miƙe tsaye. Akwai wata tambayar? Hajiya, ke ce ta ƙarshe, amma in kan Whitney ce mu haɗu a waje.