Soson da Ke Rufe Gidan Kifi a Ƙasan Teku

Jama'a, barkanku da warhaka. Akwai wani baƙin abu da ake gani shimfiɗe a kan murjani a ƙasan teku, ba dauɗa ba ce, ba kuma man jirgi ne ya zube ba. Dabba ce mai rai, soson teku, masana na kiran ta Terpios hoshinota. Kaurinta bai kai milimita 1 ba, amma yawancin murjanin da ta hau kansa sai ta kashe shi.

Daga Sakkwato zuwa bakin teku tafiya ce mai nisa, don haka bari mu fara da murjanin kansa. Shi ma dabba ne, ƙananan halittu dubbai da ke zaune wuri guda suna gina gidan dutse a jikinsu, wani mai rassa, wani dunƙulalle. A cikin namansu akwai ƙwayoyin tsiro da ke sarrafa hasken rana su ba su abinci. Tsaunukan da suke ginawa ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku a nan suke rayuwa.

A tsibirin Guwam aka fara lura da ɓarnar wannan soso, farkon shekarun 1970. A 1993 aka ba shi suna bayan an nazarce shi a tsibiran kudancin Japan, daga baya ya bayyana a Taiwan, Indonesiya da Ostareliya. Idan aka duba bakin iyakar inda soson ya kai, ga abin da za a gani: gefe guda murjani mai rai da launinsa, gefe guda baƙi wuluk. A hankali baƙin ke matsowa, ya tare haske, ya toshe bakunan da murjanin ke cin abinci da su. A Hawai kuwa wani soson ne daban, mai ruwan lemu, Mycale grandis. Baƙo ne a can, ana kyautata zaton a jikin jiragen ruwa ya zo, ya cusa kansa tsakanin rassan murjani a mashigin Kaneohe.

To ina ruwan kifi? Ɓarnar kashi biyu ce, kuma ta biyun ta fi tayar mini da hankali. Ta farko nan take: akwai kifayen da ba su da abinci sai naman murjani mai rai, kamar wasu daga cikin kifayen malam-buɗe-littafi, masu siririn baki da suke tsinkar naman da shi. Soso na rufe murjani, tukunyarsu ta kife. Ko su ƙaura, ko su rame su daina hayayyafa.

Ta biyun sai an daɗe ake ganin ta. Murjanin da ya mutu ya daina gini, tsutsotsi da wasu halittu masu huda dutse su shiga cinye shi, igiyar ruwa ta kakkarya rassan, wurin ya zama tarin tsakuwa. Duk basarken da ke su a Gulbin Rima ya san 'ya'yan kifi cikin burugu suke ɓuya idan ruwa ya malala fadama; a cire ciyawar, manyan kifi da tsuntsaye su gama da su. Aikin da rassan murjani ke yi ke nan. A mashigin Kimbe na Papuwa Niyu Gini, inda murjani ya lalace saboda wasu dalilai ba soso ba, binciken da aka wallafa a 2004 ya nuna fiye da kashi 75 cikin 100 na nau'o'in kifin wurin sun ragu, har da waɗanda ba sa cin murjani sam, domin a cikinsa 'ya'yansu ke fara zama.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, kifin ma yana kare murjanin. A tekun Karibiyan akwai kifaye masu cin soso, da kunkurun teku mai baki irin na shaho. Wani bincike na 2015 ya duba wurare 69 a ƙasashe 12, ya gano cewa inda aka kwashe kifi da tarko da taru fiye da kima, soso ya hau kan murjani fiye da ninki uku na inda aka bar kifin. Sosunan nan ma ba baƙi ba ne, 'yan gida ne da aka ɗauke musu mai tsawatawa. Mutanen Argungu ba sa bukatar dogon bayani a nan, tunda sun daɗe suna hana kamun kifi a Matan Fada sai lokacinsa ya yi.

Cire soson da hannu bai cika yin amfani ba. An gwada a Hawai, ya sake tohowa. Amma ba kullum ne soso yake yin nasara ba. A gabar Yonama ta tsibirin Tokunoshima a Japan, baƙin soson ya mamaye wurin a shekarun 1980. Da masana suka koma bayan shekara ashirin da 'yan kai, sai suka tarar ya ɓace, murjani mai rassa ya sake cika wurin.